Neman shawara: za a yi wa Baba aikin yanar ido, an ce har da ƙarin yanka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Daura nake. Mahaifinmu yanar ido ta rufe masa idon dama, Alƙur'ani ma sai dai ya karanta da ka. Mun kai shi Katsina aka duba, likita ya ce aiki za a yi. Ya kuma ce tantanin gaban idon ba a daidai yake ba, astigmatizim ya kira abin, wai zai yi 'yar tsaga a gefensa don ya daidaita. Baba da jin an ambaci yanka sau biyu ya ce a bar shi haka. Don Allah wanda ya san abin ya yi mana bayani.

Ma'aikaciyar jinya a sashen ido: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan uwa, abu biyu ne daban. Ita yanar a cikin ido take, madubin da ke bayan baƙin ido ne ya dusashe, sai a cire shi a sa na roba. Shi kuwa astigmatizim a tantanin gaba yake: maimakon ya zagaye sosai sai ya yi siffar ƙwai, wani ɓangaren ya fi wani lanƙwasa, shi ya sa harafi ke fitowa da inuwa. In aka tsaga a ɓangaren da ya fi lanƙwasa, wurin yakan ɗan kwanta. Tsagar a can gefe take, ba a tsakiyar da ake gani ba, kuma ba ta huda idon. Zama ɗaya ake yin duka, bayan an kashe zafin wurin. Ku tambayi likita irin aikin da zai yi. Na injin fako, mai farfasa yanar ya zuƙe ta, ƙofar da ake yankawa a ciro yanar ba ta wuce milimita 3 ba, na hannu da aka fi yi a nan Arewa kusan 6 zuwa 7, yawanci ba ɗinki. Ku kuma tambaya ko an auna lanƙwasar tantanin da tsawon idon, don da wannan awon ake zaɓen ƙarfin madubin. Wannan awon ya fi tsagar damuna.

Wani dattijo daga Ƙofar Marusa: Ɗana, ka gaya wa Malam an yi mini, washegari aka cire bandeji na ga zanen tabarmar ɗakina tar. Abin da ya yi mini wuya shi ne kwanakin da likita ya hana ni sujada, a zaune na riƙa salla. Kuma ya kiyaye ƙura, balle in hunturu ya shigo.

Wani mai gwajin tabarau: Malama ta yi bayani, sai dai in ƙara. Tsagar nan ƙaramin astigmatizim take gyarawa, kuma ba kowane ido ke karɓarta daidai ba. In mai yawa ne akwai madubi na musamman, torik, ya fi tsada, ba ko'ina ake samu ba. Kada a yi wa Baba alkawarin rabuwa da tabarau. Na karatu kusan dole ne, ana aunawa bayan sati 4 zuwa 6, in ido ya zauna.

Wata 'yar uwa: Ni roƙona ɗaya, kada tsoro ya kai shi hannun masu aikin ido na gargajiya da ke bin kasuwanni. Tura yanar kawai suke yi cikin ido da tsinke. Kakarmu haka aka yi mata, ta ga haske kwana kaɗan, daga baya ciwo ya taso idon ya tafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, Baba na da ciwon suga, zai hana?

Ma'aikaciyar jinya: Ba ya hanawa, amma sai sugan ya sauka kafin ranar, kuma a duba bayan idon, don suga kan taɓa wurin. Bayan aiki in ya ji ciwo mai tsanani, ko ido ya yi jajir, ko gani ya ragu, ku kamo hanyar Katsina a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.