Waɗanda suka cire akwatin iskar babur suka ɗaura ƙananan matatu: me kuka gani?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da niyyar cire akwatin iska na asali, wato akwatin da matatar iska ke ciki, daga babur ɗina mai silinda huɗu, in ɗaura wa kowane kafireto ƙaramar matata tasa, domin akwatin ya tsage kuma yana hana hannu isa wurin gyara. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Mai tsohuwar Honda: Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara duba irin kafireton da ke jikin babur ɗinka, domin a nan maganar take. Nawa Keihin ne irin wanda ake kira CV, wanda ba wayar totur ce ke ɗaga ɗan fistin da ke cikinsa mai buɗe hanyar iska kai tsaye ba, zuƙar iskar injin ce ke ɗaga shi ta hanyar wata robar da ke samansa. Irin wannan kafireto yana buƙatar iska mai natsuwa, kuma akwatin ne ke tanadar masa ita. Da na cire akwatin, babur ɗin yana tashi lafiya, amma da zarar na murɗa totur zuwa tsakiya sai ya riƙa shaƙewa kamar mai ya ƙare, kuma abin yana tsananta idan iska mai ƙarfi ta bugo daga gefe. Ƙara dai ta ƙaru sosai, wadda ita ce ke ruɗar mutane su ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru.

Bakanike: Abin da ya faɗa shi nake gani a wurin aiki. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Fetur yana ƙonewa sarai idan iskar ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, amma injin ya fi ba da ƙarfi a wajen 13, kuma idan iskar ta zarce ƙima sai injin ya ɗauki zafi har bawul ya ƙone. Saboda haka dole a sa babban jet (ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireto) mai faɗin rami, a ɗan ɗaga allurar da ke ƙayyade fitar fetur, sannan a sake saita sukurun da ke kula da injin lokacin da yake aiki a tsaye. Fulogi ne shaidata: fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi mai toka alamar yawansa, ruwan ƙasa shi ake nema. Akwai kuma matatu masu arha da bakin robarsu ke toshe ƙananan ramukan iska da ke bakin kafireto, waɗanda kowane irin jet aka sa ba za su daidaitu ba.

Mai silinda ɗaya: Ni kam ban sha wannan wahala ba. Kafiretona Mikuni VM ne, wanda waya ke ɗaga fistin ɗinsa, kuma bayan canjin jet ya zauna daidai. Damuwata ruwan sama ce, domin matatar soso tana jiƙewa injin ya riƙa tari.

Bakanike: Na ƙara da abu biyu, Malam. Tiyon numfashin injin, wanda ke fitar da tururi daga inda man inji yake, cikin akwatin yake shiga, don haka sai ka nema masa tasa ƙaramar matatar, in ba haka ba ƙura za ta shiga man inji. Sannan akwatin ne ke tallafe nauyin kafiretocin daga baya. Idan babu shi, robobin da suka haɗa su da injin ne za su ɗauki nauyin har su tsattsage.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Na duba, nawa ma CV ne, don haka zan fara neman akwati na hannu mai lafiya kafin in yanke shawara.