Musayar waƙa: Moliyar, ɗan mai shimfiɗar fada

Mushe Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na tsufa ina karantar da Faransanci a lakwal, kuma ba marubucin da ya zauna mini a rai kamar Moliyar, mai wasan ban dariya na Faransa. An haife shi a Faris a Janairun 1622, ya rasu ran 17 ga Fabrairun 1673. Na buɗe da amsa-amon "ya". Mai baiti ya kawo.

Da sunan Allah za na fara,
Waƙar wani gwani in tsara,
Ɗan Faris, ku zo ku saurara,
Moliyar sarkin dariya.

Uba mai shimfiɗa a fada,
Ya so ɗansa shi ma ya gada,
Yaro ya ce ba za shi yarda,
Ya bi dandali, ya bar dukiya.

Ɗan Kurmi:
Mushe, ka ɗauko mana baƙo,
Daga nesa ka yo mana saƙo,
Tuwon gida ka bar shi a ƙoƙo,
Ka bi Faransa roƙon miya.

Ina Samanja Mazan Fama,
Da Kaduna ta ji shi, Kano ma?
Ko Damagaram ɗinku ta kama
Tasharsa, faɗi gaskiya!

Baban Zainab: Ɗan Kurmi ka gama magana! Kano, ko da me ka zo an fi ka.

Mushe Ɗan Damagaram: Samanja namu ne, Allah ya ji ƙansa, kuma mu ma muna da Yazi Dogo. Son naka bai hana ka san na wani ba. Taubashi, karɓi naka:

Bakano, ɗan kasuwar Kurmi,
Ka san awo, ba ka san ilmi,
Ka zo da baki kamar turmi,
Daka ba hatsi, sai hayaniya.

In koma kan mutumina. A 1643 ya kafa ƙungiyar wasa tare da 'yar wasa Madalen Bejar. Cikin kamar shekara biyu bashi ya cinye su, har aka kulle shi a 1645, cikin masu bin sa har da mai sayar musu da kyandir ɗin haska dandali.

Farkon wasa babu kasuwa,
Bashin kyandir ya zam damuwa,
Har kurkuku aka yi kaiwa,
Ya fito da sauran zuciya.

Shekara sha uku yana yawo,
Liyon, Pezenas, kai da kawo,
Ya ga mai lafiya, ya ga mai ciwo,
Ya haddace halin duniya.

Hajiya Ta Maraɗi: Yaya Mushe, huta, bar ni da shi. Mun yi wasan Moliyar na 1668, Marowaci, a aji, har yau ban manta da Harfagon, tsohon da ya binne zinariya dubu goma a lambu ba.

Ɗan Kurmi, sassauta ƙanena,
Na karanta Marowaci da idona,
Na ga Harfagon, na ce a raina,
Wannan Bakano ne, ba tambaya.

Ya binne akwatinsa a lambu,
Ya hana 'ya'ya, ya ce babu,
Rowa gare shi ba ta zam aibu,
An sace, ya kwana kururuwa.

Malam Na Zazzau: Hajiya, da girmamawa. Babban amsa-amo "ya" ne, kin rufe da "wa". Sannan a baitinki na farko ɗangon farko gaɓa 9 ne, na biyu 12. Ba a yi haka.

Waƙa awo ce, ba zuba ba,
Duk wanda bai san aruli ba,
Kar ya ce bai ji gargaɗi ba,
Gurguwar waƙa ba ta tafiya.

Hajiya Ta Maraɗi:
Malam, ka zo da mudun gero,
Kana ta ƙirga kamar yaro,
Shata da ba shi da karin aro,
Wa ya taɓa ce masa ya tsaya?

Malam Na Zazzau: Shata da kalangu yake awonsa, kiɗa ke riƙe masa kari. Ke rubutawa kike yi, ina kalangunki? Waƙar baka daban, rubutacciya daban.

Jikan Tanimun: Malam, ka ƙyale Hajiya. Da Ɗan Kurmi ya ce "Ko Damagaram ɗinku ta kama" bai yi ɗingishi ba? Ko mudun naka 'yan Nijar kaɗai yake aunawa?

Malam Na Zazzau: Shi ma ya yi. Ya kuma tsinka jimla tsakanin ɗango biyu. Zan zo kansa.

Ɗan Kurmi: Sabis ya ɗauke mini tun jiya, na dawo na tarar an mai da ni Harfagon. Hajiya yayata, ga canjinki:

Kin ce rowa halin Kanawa,
Kantin Kwari wa ke ta zuwa?
Atamfa mu ba ku, kuna yabawa,
Shekara ta zago babu biya.

Auta Ɗan Yamai: Iyayena, ku ba yaro wuri. Baitina na farko ke nan a zauren.

A 24 ga Oktoban 1658 ya tsaya gaban sarki,
Luwi na 14 ya yi mamaki,
Ya ba shi zaure ya yi aiki,
Faris ta san shi gaba ɗaya.

Malam Na Zazzau: Subhanallahi! Auta, rera mini ɗangon farkon nan da numfashi ɗaya in ji. Magabata da za su sa shekara a waƙa ramzi suke yi da haruffa, ba sa jibga lambobi.

Auta Ɗan Yamai: Baba Malam, kwanan watan daidai ne, a fadar Luvur aka yi wasan. Ban so in rage komai ba.

Jikan Tanimun: Auta ka yi ƙoƙari, ɗango uku na ƙarshe sumul. Kar ka bari a kashe maka gwiwa.

Baban Zainab: Sumul a ina? Ku dai ku yarda Malam ya fi ku sani.

Mushe Ɗan Damagaram: Jama'a, kun bar mutumin tsaye a ƙofar fada kuna rigimar gaɓa. Ni abin da ya sa na buɗe zaren nan shi ne wasansa Tartuf, kan wani munafiki mai ibadar ganin ido. An fara nuna shi a fadar Barsai a 1664, aka hana. A 1667 babban limamin cocin Faris ya yi barazanar korar duk wanda ya kalla ko ya karanta daga coci. Sai a 1669 aka sake shi. Mai ba mutane dariya ne, amma ya yi shekara biyar yana faɗa a kan wasa guda bai janye ba. Wannan nake so ɗalibaina su riƙe.

Tartuf, Musa ne a bakinsa,
Fir'auna na kwance a ransa,
Mai gida ya ba shi gidansa,
Ya koma neman uwargijiya.

Masu irin halin suka tashi,
Shekara biyar ana danne shi,
Ya kai kuka, sarki ya ji shi,
Gaskiya ta fito daga rijiya.

Ɗan Kurmi: Mushe, wasa a gefe. Wannan ba izgili ba ne da masu ibada? Ni nan ne nake jin nauyi.

Hajiya Ta Maraɗi: Ƙanena, a cikin wasan akwai ɗan'uwan matar mai gida, Kileyant, wanda ke rarrabe mai ibadar gaske da mai ta ganin ido. Da munafiki ake.

Bai zagi mai tsoron Allah ba,
Bai taɓa mai ibadar gaske ba,
Wanda ya tsargu bai ji daɗi ba,
Shi ne ya tada jijiyar wuya.

Malam Na Zazzau: Wannan karon amsa-amo ya zauna. Amma "ba" sau uku tawa ce kika ara.

Ɗan Kurmi:
In haka ne, Hajiya, na sauko,
Irin Tartuf mun sha ganin ko,
Ya ci gidan marayu tun farko,
Goshi da tabo, hannu a dukiya.

Amma Samanja na nan a gaba, ban janye ba.

Mushe Ɗan Damagaram: Na yi kwana biyu ban leƙo ba, wannan ɓangaren yana mini nauyi. Wasansa na ƙarshe kan wani mai lafiya ne da ya ɗora wa kansa ciwo, likitoci na ta cin kuɗinsa. Moliyar da kansa ya fito a matsayin mutumin, alhali ciwon ƙirji na cin sa. A nuni na huɗu abin ya taso masa a kan dandali, ya daure ya kai ƙarshe. A daren ya cika a gidansa, yana da shekara 51. Coci a lokacin ba ta binne ɗan wasa sai ya tuba daga sana'ar, sai da matarsa Armand ta je gaban sarki kafin aka yarda a binne shi.

Ya hau dandali da tari,
Ciwon ƙarya ne a tsari,
Na gaske na ci tun da fari,
Jama'a na shewa da dariya.

Ya ƙare wasa, aka kai shi gida,
Limaman coci suka ƙi yarda,
Matarsa ta kai kuka fada,
Aka yarda da dare, ban da safiya.

Kujerar da ya zauna a kai a wasan tana nan ajiye a gidan wasan Komedi Faransez, wanda aka kafa a 1680.

Auta Ɗan Yamai: Baba Mushe, na karanta sau uku. Ka ba ni izini in rera shi a taron ɗalibai?

Mushe Ɗan Damagaram: Na ba ka, ɗana. Ka rera a hankali.

Hajiya Ta Maraɗi: Malam, na gyara wancan ɗangon: "An sace, ya rasa barci ɗaya."

Malam Na Zazzau: Gaɓa 10 ne, Hajiya, amma na karɓa. Saura Auta da lambobinsa.