Ƙafar da ba ta barin mutum ya yi barci: abin da aka tattaro

Waɗanda ke fama da wannan lalura duk bakinsu ɗaya wajen kwatanta ta. Da yamma ta yi, mutum ya zauna ko ya kwanta, sai ya ji kamar tururuwa na yawo a cikin ƙafarsa, ba zai samu sauƙi ba sai ya motsa ko ya tashi ya taka. Likitoci na kiranta cutar Willis-Ekbom, da sunan likitan Suwidin Karl-Axel Ekbom wanda ya yi cikakken bayaninta a 1945.

Shawarar da aka fi nanatawa, kuma ita na fi ba muhimmanci, ita ce a yi gwajin feritin, wato gwajin jini da ke nuna yawan sinadarin ƙarfen da jiki ya adana. Idan sakamakon gwajin bai kai 75 ba, likita kan ba da ƙwayar maganin ƙarin sinadarin ƙarfe ko da mutum ba shi da ƙarancin jini. Kada a sha ta da shayi, domin yana hana jiki tsotse ta. Ruwan lemo ya fi. Masu juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, da masu ciwon ƙoda sun fi kamuwa da cutar. Ta masu ciki takan tafi bayan haihuwa.

An kuma yi gargaɗi kan maganin mura mai sa barci, da wasu magungunan amai da na damuwa, domin suna tsananta ta. Haka kofi da goro da taba da dare.

Tausa, wanka da ruwan ɗumi da ɗan tattaki suna taimakawa. In abin ya yi tsanani, likitoci yanzu sun fi farawa da wani magani mai suna gabapentin, saboda wani maganin da ake bayarwa, pramipexole, kan ƙara rura cutar idan an daɗe ana sha. Kowanne cikinsu sai da umarnin likita.