Me ke hana ƙarfen na'urar bugun zuciya lalacewa a cikin jiki?

Mai Gyaran Waya:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka sa wa Babanmu na'urar daidaita bugun zuciya, a ƙirji ƙasan kafaɗar hagu. Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Amma ni gyaran waya ce sana'ata, na san abin da ɗigon gumi guda yake yi wa fanel: wurin ya yi kore, layuka su haɗu, shi ke nan. Jini kuwa ruwan gishiri ne mai ɗumi. Ta yaya ƙarfe mai ɗauke da wuta zai shekara goma a ciki? Wallahi ko tari ya yi sai na kalli ƙirjinsa.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Batir da fanel suna cikin gwangwanin ƙarfen titaniyam da aka like da hasken leza. Wayar da ta bi jijiya zuwa zuciya kuma an lulluɓe ta da robar silikon ko ta foliyuretan, bakinta kaɗai aka bari.

Ƙananan sassan da roba ta yi musu kauri, su ake yi wa rufin parylene, wata irin roba ce siririya ƙwarai. Ba shafa shi ake yi ba. Hoda ce ake dumamawa ta zama tururi a wajen digiri 150, a ƙara mata wuta zuwa kusan 680, sannan a tura ta cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Can take sauka a kan ƙarfen kamar raɓa, ta shiga kowane lungu, ƙarfen bai ko yi zafi ba. Kaurinta mikron kaɗan ne (mikron dubu ne milimita ɗaya), alhali silin gashi ya kai mikron 70. William Gorham ne ya fito da dabarar a kamfanin Union Carbide na Amurka, ta shiga kasuwa a 1965.

Yaya Babba:
Injiniya, ka manta da wahalar parylene ɗin. Ba ya kama zinariya ko filatinam da kyau. Shatin yatsa guda a kan ƙarfen ya isa ya sa danshi ya taru a ƙasa, rufin ya ɗago. Shi ya sa ake wankewa fes, a sa silen, sinadarin da ke sa rufin ya kama, kafin a rufa.

Anti Nas:
Ƙanina, abin da ke hannunka ka riƙe. Kada Baba ya sa waya a aljihun gaban riga, a bar tazarar santimita 15, ya amsa kira da kunnen dama. Ranar duba na'urar kuma kada ta wuce ku.

Mai Gyaran Waya:
Na gode ƙwarai. Anti, a nan kuwa yake ajiye ta, tare da carbinsa. Bari in kira Umma yanzu.