Malamarsa ta rubuta "restless" a katin sakamako, me take nufi?

Maman Sadiku: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ɗana shekararsa 7, muna Gusau. Tun da muka baro ƙauye muke zaune gidan surukata, babansa yana Legas, sai sallah-sallah yake zuwa, ita kuma duk abin da yaron ya yi sai ta ce ni na sangarta shi. Yau an ba da sakamako, na ga malamarsa ta rubuta "restless". Cuta ce? Tun safe gabana ke faɗuwa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Tana nufin ba ya zama wuri ɗaya, yana yawan mutsu-mutsu. Ba sunan cuta ba ne.

Hajiya Babba: Ƙiriniya ce kawai, 'yata. Duk 'ya'yana maza haka suka yi, yau ga su da iyalinsu. Ki hana shi alewa da lemon kwalba, a riƙa yi masa tofi.

Anti Nas: Hajiya, a gafarce ni, bincike bai nuna zaƙi ke kawo wannan ba. Akwai lalurar rashin natsuwa da yawan motsi da likitoci ke kira ADHD, amma ba a cewa yaro na da ita sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Yana samun barcin awa 9 zuwa 12? Sannan daga wane ƙauye kuka taso? In wajen Anka ne ko Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, a gwada jininsa, don dalma na taɓa natsuwar yaro. Ki fara da likitan yara a asibitin tarayya na Gusau, wato FMC.

Maman 'Yan Biyu: Malaman yanzu ma! Aji cike maƙil, ba fanka, a ce yaro ya zauna kamar gunki. Nawa har tsallen kwaɗo aka sa shi, da na je magana aka ce na cika ƙorafi.

Maman Sadiku: Ni ba na ba shi alewa. Barci kuwa, talabijin ɗin ta surukata ce, ni ce zan kashe mata? Asibiti kuma sai babansa ya yarda, kuma ba na son a ce ɗana na da taɓin hankali.

Anti Nas: Ba taɓin hankali ba ne, 'yar uwa. Ƙauyen fa?

Hajiya Babba: Ku bar yarinya ta ji da abin da ke damunta. Da muka raini namu, wane likita muka gani?