Neman kalmar Hausa: yaya za a kira gwanin da bai sami yabon da ya cancanta ba?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman taimakonku kafin gobe da safe, domin a lokacin ne za mu naɗi shirin da za a watsa ranar 14 ga Yuni don tunawa da Rory Gallagher, makaɗin jita ɗan ƙasar Ayilan wanda ya rasu a Landan a irin wannan rana a shekarar 1995 yana da shekara 47. Kusan duk abin da na karanta a kansa yana siffanta shi da kalmar Turanci "underrated", kuma na kasa samo mata abokiyar zama. Na fara rubuta "wanda ba a san shi ba", sai na ga ƙarya zan yi wa masu sauraro, tunda mutumin ya yi shekara fiye da ashirin yana cika zauruka a Turai, har masu karanta mujallar kiɗa ta Birtaniya, Melody Maker, suka zaɓe shi gwarzon makaɗin jita a 1972.

Tsohon mafassari: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka, Malam, rashin sani daban, rashin kimantawa daban. Ni zan ce "wanda ba a ba shi matsayin da ya dace da shi ba". Jimla ce mai tsawo, amma babu mai sauraron da zai tsaya tambayar abin da ake nufi.

Malama mai koyar da Hausa: Ina ganin "wanda aka raina" ya fi sauƙi a baki.

Tsohon mafassari: Malama, raini ya yi nauyi a nan. Wanda aka raina an dube shi ne aka ga bai kai ba, alhali wannan mutum abokan sana'arsa sun girmama shi ƙwarai. Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Queen, ya sha faɗin cewa wajen Gallagher ya koyi yadda zai haɗa kayan sautinsa, kuma ƙungiyar Rolling Stones ta gayyace shi ya yi kiɗa tare da ita a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 1975 lokacin da take neman wanda zai maye gurbin makaɗin jitarta Mick Taylor. Ba a yi wa wanda aka raina irin wannan gayyata.

Malamin jami'a: Abin da ke damuna shi ne kullum muna fassara kalma ɗaya da jimla guda, kamar harshenmu ba ya iya haihuwa. Ina ba da shawarar "tauyayyen gwani", daga aikatau "tauye", kamar yadda muke cewa gyararre ko karyayye. Na daɗe ina amfani da ita a aji, kuma ɗalibai suna karɓarta.

Malama mai koyar da Hausa: Ranka ya daɗe, ginin kalmar daidai ne, amma ma'anar ta karkace. Idan aka ce tauyayye, abin da Bahaushe zai fara ji shi ne gwanintar ce ta tauye, wato mutumin ne yake da naƙasu. Abin da aka tauye a nan yabonsa ne, shi kuwa cikakke ne.

Malamin jami'a: Kowace sabuwar kalma da baƙunta take farawa. Idan gidan rediyo ya yi amfani da ita sau goma, za ta zauna. Kuma tunda ana maganar tsabtace harshe, ban ga dalilin cewa "jita" ba alhali muna da garaya da molo da gurmi. A ce "garayar Bature".

Makaɗi daga Maraɗi: Malam, da girmamawa, garaya tsirkiya biyu gare ta, jita kuwa shida, kuma kamun hannunsu ba ɗaya ba ne. Mu nan "gita" muke cewa, kuma matasan Agadas da suka kai kiɗanta ƙasashen duniya ba su taɓa kiranta garaya ba. Idan aka ce garayar Bature an rage wa garaya, an kuma rage wa gita.

Malamin jami'a: Ai abin da nake gudu ke nan. Muna da makaɗan kukuma da kuntigi da suka rasu babu wanda ya yi musu shiri, amma ga mu muna wahalar da kanmu saboda Bature.

Mai gabatar da shiri: Yallaɓai, wannan ƙorafi yana da tushe, kuma kalmar da muke nema za ta yi wa namu makaɗan aiki fiye da kowa. Amma bari in bayyana dalilin da ya sa na damu da mutumin, wataƙila ya taimaka wajen zaɓen kalma. An haife shi a Ballyshannon a 1948, ya tashi a Cork, inda ya sayi jitarsa ƙirar Fender Stratocaster a 1963 a kan fam 100, ya riƙe ta har fentinta ya goge. Bayan rushewar ƙungiyarsa Taste a 1970 ya ci gaba da sunansa, kuma a shekarun da rikicin Katolika da Furotesta a Arewacin Ayilan ya sa manyan mawaƙa suka ƙaurace wa Belfast, babban birnin yankin, shi ya riƙa zuwa yana yi wa Katolika da Furotesta kiɗa a zaure ɗaya. Ya kuma ƙi fitar da waƙoƙinsa ɗai-ɗai a ƙananan faya-faye, waɗanda su ne hanyar shiga rediyo a wancan zamani, saboda haka sunansa bai bazu kamar na tsararrakinsa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ko masu yabon yatsunsa ba kasafai suke tuna cewa shi ya tsara yawancin waƙoƙinsa ba, baiti da kari.

Tsohon mafassari: To, ka warware matsalar da bakinka. Babu wanda ya zalunce shi, wani ɓangare ma zaɓinsa ne, sai dai ma'aunin bai daidaita ba. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, don haka ka ce "gwanin da yabonsa bai kai gwanintarsa ba". Wanda ya san karin maganar zai ji nan take cewa akwai bashin da ba a biya ba.

Malama mai koyar da Hausa: Na janye "raina", na goyi bayan wannan. Game da batun tsara waƙoƙinsa kuma, ka ce "mai tsara waƙa" maimakon "marubucin waƙa", domin na biyun zai kai hankali ga masu rubutattun waƙoƙi, ya bar karin sauti a baya.

Malamin jami'a: Jimlar tana da daɗi, ban musa ba, amma har yanzu jimla ce, kuma ba za ta shiga kanun labari ba. Zan ci gaba da koyar da tawa har a kawo wadda ta fi ta gajarta.

Mai gabatar da shiri: Na gode, Malamai. Zan buɗe shirin da jimlar da aka amince da ita, in riƙa cewa "jita", sannan in ambaci "gita" sau ɗaya saboda masu sauraronmu na Nijar. Taken shirin ne har yanzu babu, domin wuri ne na kalma uku ko huɗu kacal, kuma ina jiran shawara har zuwa bayan sallar isha'i.