Ginin na da laifi a rubuce, mai gida kuma ya ƙara kuɗin haya

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna New York. Ina haya a Bronx, a ginin da dokar daidaita kuɗin haya ta shafa. Rufin banɗakinmu na yoyo, bangon ɗakin yara ya yi baƙi saboda danshi. Na kira 311, layin kai koke na birnin, jami'in HPD, hukumar gidaje ta birnin, ya zo ya rubuta laifin a rukunin B, wato mai haɗari, har yau shiru. Yanzu ga takardar sabunta haya ɗauke da ƙarin kashi 3 cikin ɗari.

Dokar haya ta jihar New York ta 2019 ta hana ƙara kuɗin haya saboda manyan gyare-gyaren gini muddin irin wannan laifi na nan. To ƙarin shekara-shekara fa? In sa hannu, ko in fara kai koke DHCR, hukumar jiha mai kula da daidaita kuɗin haya, a rage kuɗin? Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimaka mini.